Kofin Bahago

Ladidi ce ta kawo shi, 'yar Barau mai gyaran rediyo,
wadda ke aikin jinya can inda rana
kan yi makonni ba ta leƙo ba.
Ta zaro shi daga cikin safa,
ta ɗora kan kututturen da nake sassaƙa.
Ta ce, "Baba Cindo, ya tsage a hanya, duba mini."

Sanyin Jos na cizon yatsu a Gangare ran nan,
sai da na hura hannuna kafin na ɗauka.

Ɗan tsako ma ya fi shi nauyi.
Farin itace ne da ya sha gahawa har ya yi ja,
huda biyu a mariƙinsa, wurin yatsu biyu,
da 'yar tsirkiya don ratayawa a ɗamara.
Ta ce aikin mutanen Sami ne,
makiyaya su ma, sai dai dabbarsu ƙahonta kamar reshe,
tana tone ƙanƙara ta ci abin da ke ƙasa.
Ta ce guksi sunansa, wasu su ce kuksa.
Na ce, "Kuza?" Ta yi dariya har da riƙe ciki.
To, mu nan kuza muka sani,
ita ta bar mana ramukan da ruwa ya cike.

Na juya shi ga hasken ƙofa.
Jijiyar itacen ba ta miƙe ba,
ta murɗe, ta zagaya, ta koma inda ta fito
kamar hanyar tururuwa da aka taka.
Nan na gane ba daga gangar bishiya aka yanko shi ba,
daga ƙullutu ne, kumburin nan
da kan fito inda bishiya ta ji ciwo ta warke.
Shekara arba'in ina sare irinsa da gizago,
ina ba mai ƙosai ta hura wuta.

Na sa babban yatsa a cikinsa, na bi sawun wuƙa.
Na ce, "Ladidi, mai wannan aiki bahago ne."
Ta yi shiru.
Na ce, "Ga inda wuƙarsa ta zame, ƙarƙashin baki,
bai goge ba, ya bar ta nan.
Ko dai ya gaji, ko ya daina jin kunyar hannunsa."

Sai ta zauna kan turmin da ban gama ba.
Ta ce tsoho ne, wata bakwai tana juya shi a gado,
tana ba shi ruwa, da hagu yake karɓa.
Hausarta bai ji ba, yarensa ba ta ji ba,
sai ran da ya miƙa mata kofin
ya nuna sabulu, ya girgiza kai.
Ita ke nan wasiyyar.

Akushin kakata ma haka, ba ya son sabulu.
Wa ya gaya wa tsohon?

Ban sa masa gam ɗin kanti ba.
Na narka kakin zuma da ɗan ƙaro,
na cusa a tsagar da tsinken tsintsiya,
na bar shi ya kwana kusa da murhu.
Da safe muka aika wurin Mati mai shayi.
Ta zuba, muka zuba ido.
Ko ɗigo.
Ta kurɓa, ta miƙo mini, na karɓa da hagu,
Allah Ya yafe, gaisuwa ce.

Kuɗin gyara ta ajiye, na mayar mata cikin safar.

Akwai wani maɗaci a hanyar Naraguta
mai ƙullutu kamar kan jariri,
na daɗe ina wuce shi ina tsaki.
Jiya na je na tsaya a gindinsa, na shafa.
Yau tun asuba nake wasa ƙaramar wuƙata,
turmin mutane na can yana jira.